Littafin aikin agogon da zai riƙa turo min bugun zuciyar Baba

8 ga Janairu

Na buɗe wannan littafi don in riƙa rubuta abin da ya yi da abin da ya ƙi, domin aikin ba na kwana biyu ba ne. Abin da nake son haɗawa ƙaramar na'ura ce da Baba zai ɗaura a wuyan hannu kamar agogo, ta riƙa ƙirga bugun zuciyarsa dare da rana, ta turo min ta intanet duk da nisan da ke tsakaninmu.

Tun da likita ya ɗora shi a kan maganin da ke rage saurin zuciya, ya ce a sa ido kada bugun ya yi ƙasa fiye da kima, a kuma lura ko yana rikicewa. Ƙanwata, wadda ke zaune da shi, tana auna shi safe da yamma da na'urar awon hawan jini. Amma jirin da yake kuka da shi ba ya jiran lokacin awo. Yakan zo da tsakar rana ko cikin dare, kafin a ɗauko na'ura ya wuce, sai a ga lamba lafiya ƙalau, likita ya rasa abin kamawa.

Na san akwai agogunan kasuwa masu wannan aiki. Sai dai Baba ba zai zauna yana latse-latsen gilashi ba, ni kuma ina so in ga ainihin abin da na'urar ta ji, ba lambar da aka riga aka gyara aka miƙo min ba. Saboda haka tawa ba gilashi, ba maɓalli.

Hanyoyi biyu ake bi. Ta farko ita ce ECG, wadda ke ɗaukar 'yar wutar lantarkin da zuciya ke fitarwa a kowane bugu. Da ita likitoci suka dogara, amma sai an manna wa mutum abubuwa a jiki. Ta biyu ta haske ce, ana kiranta PPG, kuma tun 1937 wani masani a Amurka, Alrick Hertzman, ya bayyana ta. Ana haska fata da 'yar fitila. Duk lokacin da zuciya ta buga, jini yakan cika ƙananan jijiyoyi ya shanye haske, wanda ke dawowa ya ragu kaɗan. Da jinin ya janye sai ya ƙaru. Wani ɗan ido a gefen fitilar shi ke auna wannan raguwa da ƙaruwa. Ita zan bi, don da ita ne mutum zai iya kwana ya tashi.

Na yi odar sensa MAX30102, wato fitilar da idon a haɗe, da allon ESP32, 'yar kwamfuta mai Wi-Fi da Bluetooth, da ƙaramin batirin litiyam, da wayoyi.

12 ga Janairu

Kaya sun iso. Wayoyi huɗu ne kacal tsakanin sensar da allon: biyu na wuta, biyu na magana ta tsarin I2C. Na saita ta ɗauki awo sau 100 a daƙiƙa, na kuma kife zanen don hawan layi ya zama shi ne bugu.

Da na ɗora ɗan yatsa, namansa ya yi jajir saboda fitilar, har farcen yana sheƙi. Layin da ke fuskar kwamfuta ya yi ta tsalle, can sai ya natsu: ya haura da sauri, ya gangaro a hankali, da wani ɗan tudu a tsakiyar gangaren, ya sake haurawa. Na sa yatsun ɗaya hannun a wuyana, jijiya tana harbawa, layin yana amsawa. Na daɗe ina kallo.

Na lura cewa idan na danna yatsan da ƙarfi, layin yakan miƙe ɗoɗar, don matsin ya kore jinin daga wurin. Idan na sassauta da yawa kuma hasken ɗaki ya kutso. Ke nan yadda za a ɗaure madauri ba ƙaramin al'amari ba ne.

14 ga Janairu

Na rubuta lissafin ƙirga. A nemo ƙololuwar kowane bugu, a auna tazarar da ke tsakani, a raba 60,000 da ita. Tazarar miliseken 800 na nufin bugu 75 a minti. Ya yi daidai da ƙirgar hannu.

18 ga Janairu

Na mayar da sensar bayan wuyan hannu, inda za ta zauna a gaske, sai komai ya wargaje. Kyakkyawan zanen nan na yatsa ya koma ɗan tsiriri da ƙyar ake gane shi. Ina motsa babban yatsa kawai, layin zai yi sama da ƙasa fiye da yadda bugun kansa ke motsa shi.

Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Kan yatsa cike yake da ƙananan jijiyoyi, bayan wuyan hannu kuwa ƙashi ne da agara da gashi, jinin ba yawa. Ga shi fitilun wannan sensa biyu ne, ja mai nanomita 660 (ma'aunin da ake bambance launin haske da shi) da kuma wadda ido ba ya gani mai 880, kuma an yi su ne musamman don auna iskar oksijin a yatsa. Haskensu yana nutsewa can ciki, yana kwaso motsin tsoka da na agara. Koren haske, wajen nanomita 530, ba ya nisa, kuma jini yana shanye shi sosai, don haka bambancin bugu da rashin bugu ya fi fitowa. Shi ya sa idan ka kifa agogunan kasuwa za ka ga kore yana walƙiya a bayansu.

Amma akwai abin da ya tsaya min a rai. Sinadarin melanin da ke ba fata duhu shi ma yana shanye koren haske, ni da Baba kuwa baƙaƙe ne. Na kwashe yammacin nan ina karatu a kai. A 2020 masu bincike a Jami'ar Duke sun gwada agoguna da dama a jikin mutane masu launin fata daban-daban, ba su ga wani bambanci na a-zo-a-gani ba saboda launi, sai dai sun ga kuskure yana ƙaruwa sosai idan mutum yana motsi. Mutanen da suka gwada ba su da yawa. A Disambar 2020 kuma likitoci a Jami'ar Michigan suka nuna cewa na'urar awon oksijin ta yatsa tana kasa gano ƙarancin iska a jikin baƙaƙen fata kusan ninki uku fiye da farare. Wannan maganar oksijin ce, ba ta ƙirgar bugu ba, kada a haɗa su. Duk da haka ta ishe ni gargaɗi. An yi shekaru ana amfani da waɗannan na'urori a asibitoci kafin maganar ta fito fili yadda ya kamata. Duk abin da zan haɗa, a fatar da za ta ɗaura shi zan gwada shi, kuma dole ƙarfin fitilar ya riƙa daidaita kansa gwargwadon hasken da ke dawowa.

Na yi odar MAX30101, wadda ke da koren a kan waɗancan biyun.

23 ga Janairu

Sabuwar sensa ta zo, gyara kaɗan na yi wa manhajar. Kore ya fi, nesa ba kusa ba. Sai da na ƙara wa fitilar wuta fiye da yadda misalan da na samu suka saita kafin zanen ya fito sarai, wanda zai ci batir. Na zagaye sensar da baƙin soso don toshe hasken waje.

26 ga Janairu

Ina zaune ban motsa ba, ƙirga ta tashi daga saba'in da 'yan kai zuwa ɗari da arba'in, ta dawo, ta sake tashi. Da na ja zanen kusa sai na ga ɗan tudun nan na gangare ne ake ƙirgawa a matsayin bugu na biyu. Tudun na gaske ne, ba datti ba ne: yana zuwa ne bayan ƙofar babbar jijiyar da ke fita daga zuciya ta rufe, tare da igiyar jinin da ke dawowa daga sassan jiki.

Na yi gyara uku. Na tace duk abin da ke ƙasa da rabin zagaye a daƙiƙa ko sama da huɗu, wato bugu 30 zuwa 240 a minti. Na hana a karɓi sabon bugu kafin miliseken 300 su wuce. Wannan shi kaɗai bai wadatar ba, don wani lokaci tudun yakan zo bayan haka. Abin da ya kashe matsalar shi ne sharaɗin cewa sai ƙololuwa ta kai fiye da rabin tsayin waɗanda suka gabace ta kafin a ƙirga ta.

Na karanta cewa a jikin tsofaffi wannan tudu yakan shafe, saboda jijiyoyi sun yi tauri. Ke nan zanen Baba ba zai yi kama da nawa ba, kuma duk saitin da na yi a jikina na wucin gadi ne.

30 ga Janairu

Ƙirgar hannu ba za ta ishe ni alƙali ba, don haka na sayi ɗamarar ƙirji irin ta 'yan wasa, wadda ke ɗaukar wutar zuciya kai tsaye. Ita kaɗai ta fi duk kayan da na saya zuwa yanzu tsada, kuma ban yi da-na-sani ba. Irin wannan na'ura ta daɗe: kamfanin Polar na ƙasar Finlan ya fitar da ta farko marar waya tun 1982.

Wani abin da ya faranta min rai shi ne Bluetooth yana da tsari guda da aka amince da shi na aika bugun zuciya. Lambarsa 0x180D, awon kuma yana zuwa ta 0x2A37, har da tazarar kowane bugu a ma'aunin ɗaya bisa 1024 na daƙiƙa. Na karanta ɗamarar ba tare da manhajar kowa ba. Tawa na'urar ma da wannan harshe za ta yi magana, don gobe kowace waya ta iya jin ta.

Na ɗaura su tare na kwatanta. Ma'aunin da na ɗauka shi ne wanda ake gwada na'urorin asibiti da shi a Amurka: kada kuskure ya wuce bugu 5 a minti ko kashi 10 cikin ɗari, duk wanda ya fi yawa. A zaune da a kwance, tazararsu ba ta wuce bugu biyu zuwa uku ba.

Tafiya ce ta tona asiri. Ɗamara tana cewa casa'in da 'yan kai, tawa ta kafe a kan ɗari da goma. Na ƙirga takuna, sai ga shi su take ƙirgawa. Mutum yakan yi taku 100 zuwa 120 a minti, daidai inda bugun zuciya ke zama, don haka babu matatar da za ta raba su. Kowane taku yana girgiza sensar a kan fata, yana kuma kaɗa jinin da ke hannu.

Abin da ya tayar min da hankali ba kuskuren ba ne, yadda ya zo ne. Lambar ba ta rawa, ba ta tsalle, tsaf da ita. Da daga nesa nake kallo, babu abin da zai sa in yi shakka.

3 ga Fabrairu

Na ƙara na'urar jin motsi, LIS3DH. Manyan kamfanoni suna amfani da irinta su cire sawun motsi daga cikin hasken. Na gwada hakan, ya taimaka a tafiyar hankali, ya gaza idan hannu yana aiki, kamar wanke-wanke ko goge haƙori.

Na yanke shawara a nan, kuma ina ganin ita ce ginshiƙin aikin duka. Kowane minti na'urar za ta faɗi ɗaya daga cikin abu uku: ga lamba kuma na tabbata, ga lamba amma da shakka, ko kuma ban sani ba. Za ta yi hukunci da yawan motsi, da tsayin zanen, da yadda bugu ke kama da ɗan'uwansa a siffa. A siffa nake nufi, ba a tazara ba, don idan na watsar da duk awon da tazararsa ba ta daidaita ba, na watsar da ainihin abin da likita ke nema.

Wani abokina da ke irin wannan aiki ya ce giɓi a zane alamar gazawa ce, masu amfani ba sa son ganinsa, gara a cike shi da kintace. Ga mai motsa jiki wataƙila haka ne. Ga dattijon da ake duba maganinsa da waɗannan lambobi, ban yarda ba. Likita zai iya aiki da giɓi. Ba zai iya aiki da lambar da ba ya iya bambance ta gaske da ta kintace ba. Kuma Baba ya fi zama da kwanciya, bugun hutu ne ya fi damun mu.

7 ga Fabrairu

Na buga kwanso da firintar 3D. Ya yi kauri, yana kama hannun riga. Zan rage.

11 ga Fabrairu

Batir bai kai ni daga safe zuwa la'asar ba. ESP32 yana iya jan wajen miliamfa 240 idan yana aikawa ta Wi-Fi, batirin da zai shiga kwanson agogo kuwa ɗan mitsitsi ne. Na yi ta dabarar sa shi barci yana farkawa, amma duk farkawa sai ya sake neman hanyar intanet, nan ma wutar ke tafiya.

Na sauya tsari. Na bar ESP32 na koma kan allon nRF52840, wanda rediyonsa ke jan wajen miliamfa 5. Zai yi magana ta Bluetooth da wata tsohuwar waya da za a bari a jone a gida, ita kuma ta tura intanet. Na rage awo daga 100 zuwa 50 a daƙiƙa. Sannan idan motsi ya yi yawa fitilar za ta mutu gaba ɗaya, tunda dama awon wannan lokaci zubar da shi ake yi. Idan Baba ya yi nisa da wayar, agogon zai adana awon da lokacinsa, ya juye idan ya dawo.

Sake liƙa komai da dalma ya ci min ƙarshen mako. Ina cikin yi na tuna cewa na'urar farko da Norman Holter ya haɗa a 1947 don aika ECG ta rediyo goyo ake yi a baya, nauyinta kusan kilo 38. Har yau sunansa ake kiran na'urar da asibiti ke ɗaura wa mutum ya tafi da ita gida.

16 ga Fabrairu

Yanzu batir yana wuce kwana guda da sauran wuta. Saƙo yana tafiya ta MQTT, tsarin aika saƙo da Andy Stanford-Clark na IBM da Arlen Nipper suka ƙirƙiro a 1999 don lura da bututun mai ta tauraron ɗan'adam, saboda haka an gina shi ne don hanya mai yankewa. Na kulle shi da TLS, tsarin ɓoye saƙo don kada wani ya karanta a hanya.

Kafin in aika, na kira Baba na yi masa bayanin abin da za a riƙa tattarawa, na tambaye shi wa ya yarda ya gani. Ya ce ni, da ƙanwata, da likitansa. Babu bin sawun inda yake, babu na'urar ɗaukar murya.

20 ga Fabrairu

Agogo ya isa. Ƙanwata ta ɗaura masa muna kan kiran bidiyo.

"Yaya, wai ya ce ina lokacin yake, bai ga komai ba."

"Baba, wannan ba ya faɗin lokaci. Bugun zuciyarku kawai yake saurare."

Ya jujjuya hannun, ya ɗaga gefen ya leƙa koren hasken. "To idan ya ji wani abu, kai zai gaya wa ko ni?"

"Ni da ita, Baba, mu kuma mu sanar da ku."

"Jikina ne fa. Ni nake fara jin jirin kafin ku."

Gaskiyarsa. Tsarin duka daga hannunsa yake zuwa wurina, shi ba shi da bakin magana a ciki. Na ce ba maɓalli, amma zan sa guda ɗaya babba, da zai danna idan ya ji jiri ko faɗuwar gaba, a yi wa lokacin alama. Na'urorin Holter ma suna da irinsa. Akwai gurbi a allon, wani mai gyaran waya zai liƙa musu.

Zanensa na farko ya iso da daddare. Ya fi nawa zagaye, tudun nan babu shi, bugun yana tsakanin hamsin da biyar da sittin.

24 ga Fabrairu

Dare ya yi wuya. Littattafai suna cewa bugun babba a hutu 60 zuwa 100 ne. Da yake maganinsa yana rage shi, na sa gargaɗi a ƙasa da 50. Wajen ƙarfe biyu wayata ta yi ƙara: 28. Na kira ƙanwata jikina yana rawa, ta tashe shi, ta ƙirga da hannu, hamsin da shida. Kafin gari ya waye an sake. Washegari ma haka.

Da na zauna da zanen na gano abu biyu ne. Na farko, idan ya kwanta a kan hannun, ko ɗakin ya yi sanyi jijiyoyin fata suka tsuke, zanen yakan ƙanƙance, sharaɗin rabin tsayi ya riƙa tsallake bugu ɗaya yana kama ɗaya. Rabin 56 shi ne 28. Na biyu kuma ba kuskure ba ne: a barci mai nauyi bugunsa yakan sauka ƙasa da 50 na ɗan lokaci, kuma haka jiki yake yi, balle mai shan irin maganinsa.

Ƙanwata ba ta ɓoye min ba. "Yaya, idan aka ci gaba a haka, ranar da abin zai zama gaskiya ba zan tashi ba." Baba kuma ya fara cewa a cire masa da daddare, alhali daren ne muka fi buƙata.

Ta kai wa likita maganar. Ya ba mu lambar da ta dace da shi, da tsawon mintunan da za ta ɗore kafin a ɗaga hankali. Ba zan rubuta ta a nan ba, don tasa ce, kada wani ya ɗauka ya sa wa nasa majinyacin. Ya kuma jaddada cewa idan akwai suma, ko ciwon ƙirji, ko sarƙewar numfashi, ko karkacewar baki da mutuwar hannu, asibiti za a nufa nan take, ko agogo ya ce lafiya lau.

Na koma na duba yadda manya suka yi. A binciken da Jami'ar Stanford ta yi da agogon Apple, wanda aka wallafa a 2019, mutum 419,297 suka shiga, kashi 0.52 cikin ɗari ne kawai suka sami sanarwar rikicewar bugu. Agogon ba ya magana sai awo biyar cikin shida sun nuna rikici. Cikin mutum 450 daga waɗanda aka sanar, da aka manna wa ECG daga baya, an sami cutar AF, wato bugun zuciya marar tsari, a kashi 34 cikin ɗari. Wannan ba ya nufin sauran ƙarya aka yi musu, don cutar tana zuwa tana tafiya. Abin da na ɗauka shi ne haƙurin: ba a tashin mutum saboda awo guda.

Yanzu gargaɗi ba ya fita sai awon yana cikin rukunin "na tabbata", ya kuma maimaitu mintuna a jere. Idan lamba ta faɗi rabi farat ɗaya, na'urar za ta ƙara wa fitila wuta ta sake aunawa tukuna.

28 ga Fabrairu

Dare lafiya, kowa ya yi barci. An sa maɓalli.

3 ga Maris

Yau na ga matsalar da ta fi ta gargaɗin ƙarya muni. Tun bayan azahar nake leƙa shafin, yana nuna 61, hankalina kwance. Sai da yamma idona ya kai kan ƙananan lambobin lokaci da ke ƙasa: awon na kafin azahar ne. Tsarin tattalin batir na tsohuwar wayar ya rufe manhajar, saƙo ya daina zuwa, shafin kuma ya ci gaba da riƙe lambar ƙarshe, kamar agogon bangon da ya tsaya amma hannayensa suna nuna lokaci. Sa'o'i da dama ban san halin da Baba yake ciki ba, kuma ina zaton na sani.

Lafiyarsa ƙalau, alhamdu lillahi, kuma da aka buɗe manhajar agogon ya juye duk abin da ya adana, babu abin da ya ɓace. Amma da wani abu ya faru a wannan tsakani, babu gargaɗin da zai fita.

Na raba dare ina gyara. Duk lambar da ta wuce minti uku za ta gushe daga shafin, a rubuta "babu labari tun ƙarfe kaza" da manyan baƙaƙe. MQTT yana da abin da ake kira wasiyya, saƙon da waya ke bari tun farko don a sanar idan ta yanke ba sallama. Na haɗa shi da wayata. Na cire manhajar daga tsarin tattalin batir, na sa ta zauna a sahun gaba. Sannan na raba shirun gida uku, don ba maganinsu ɗaya ba: an cire agogo, wanda sensar ke ganewa idan haske bai dawo ba, Baba ya yi nisa da waya, ko wayar ce ta yanke. Na farkon da na biyu ba sa buƙatar kiran kowa sai sun daɗe. Na ukun saƙo ne zuwa ga ƙanwata ta duba caja.

6 ga Maris

Fatar ƙarƙashin agogon ta yi ja tana ƙaiƙayi. Gumi ne ke taruwa a ƙarƙashin madaurin roba. An koma na yadi, ana sauya hannu kullum, ana kuma cire shi a yi caji lokacin wanka, a bar wurin ya bushe. Na yadi yana sassautawa, don haka minti masu shakka sun ƙaru kaɗan. Na yarda da wannan ciniki.

12 ga Maris

Maɓallin Baba ya yi rana. Na jera duk lokutan da ya danna, na ɗora su a kan zanen. A yawancinsu bugun yana tafiya daidai, na'urar motsi kuma ta nuna ya miƙe tsaye ne daga zaune ko kwance. Amma akwai lokutan da tazarar bugu ta rikice, gajere, dogo, gajere, ba tsari, na tsawon mintuna, hannunsa kuma a ajiye, awon yana cikin rukunin "na tabbata".

Na buga shafukan, har da giɓin da wuraren shakka a launi daban, ƙanwata ta kai wa likita. Ya ce haske ba ya nuna abin da ECG ke nunawa, don haka ba zai kira sunan wata cuta da wannan ba. Ƙarin bugu marar haɗari ma yana iya ba da irin wannan zane. Amma ya ce abin ya isa a bincika, domin idan AF ce tana ninka haɗarin shanyewar ɓarin jiki kusan sau biyar, kuma akwai maganin rage wannan haɗari. Ya rubuta a ɗaura wa Baba Holter a mako mai zuwa. Jirin miƙewa kuma ya ce a auna hawan jininsa a kwance da a tsaye, wataƙila daga can ne.

Game da kuɗi: sensa da allo ba su ne suka ci ba. Ɗamarar gwaji, da kayan da aka saya aka ajiye bayan sauya tsari, da kwanson da aka yi ta sake bugawa, su suka kwashe kaso mafi girma. Abin da zai ci gaba da fita kowane wata shi ne data da hayar kwamfutar da ke karɓar saƙo, kuma ba su da yawa, don awon minti guda 'yan baƙaƙe ne.

Abin da ke gabana: likita ya yarda Baba ya bar agogon a hannu ranar Holter, don haka zan daidaita agogon wayar da na intanet daf da lokacin, in roƙi a rubuta min minti da aka kunna na'urar asibitin, in kwatanta su bugu da bugu. Nan ne zan san ko rukunin "na tabbata" ya cancanci sunansa a fatar Baba. Zan haɗa agogo na biyu don a riƙa musanya lokacin caji. Na kuma yi odar AD8232, sensa mai ɗaukar ECG, in gwada ko za a iya sa ƙarafa biyu a kwanson, ɗaya a ƙasa yana taɓa wuyan hannu, ɗaya a sama, ta yadda idan ya danna maɓallin da yatsan ɗaya hannun za a ɗauki ECG na daƙiƙa 30. Kwanson zai ƙara kauri, sai na fara tambayarsa ko zai jure.